Bishiyar Malam

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. Ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya faɗa muku, amma kun tsinta a bakin kawunnanku da innoninku wajen biki da suna, kun kuma lura da yadda hira take mutuwa idan na yi sallama a gidan kakanku na Kurudu. Maganar ita ce wai ni na ture kakanku daga matsayinsa a wurin aiki, a gaban jama'a, saboda kwaɗayin wata na'ura, bayan shi ya koya mini sana'a ya kuma ba ni 'yarsa. Ban taɓa musawa ba, ku kuma kuka ɗauki shiruna a matsayin amsa laifi. Ban ga laifinku ba, ko ni ne haka zan ɗauka. Yanzu dai zan ba ku labarin waccan shekarar yadda ta kasance, wanda ya ga dama ya kai wa Kawu Nuhu, ƙanen mahaifiyarku, ya karanta.

Kakanku Malam Isiyaku, wanda ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, kuma ko yanzu da na rubuta sai da na ji nauyi, shi ne shugaban masu zane a ofishinmu. Aikinmu zana taswirar unguwanni da tituna da gidaje kafin a gina su. A Kaduna ya ɗauke ni ina saurayi ban san ko riƙon rula ba, da aka taso da shi zuwa sabon birnin tarayya ya taho da ni. Abujar da muka tarar jar ƙasa ce da katafila da ofisoshin katako a Garki. Lokacin mulkin farar hula ne, kuɗi na yawo, kowane mako sai an turo sabuwar unguwa a ce ana son zanenta jiya. A Karu muke zaune, gidana da nasa layi ɗaya ne ya raba su, don haka duk abin da aka dafa a can sai mun ɗanɗana, duk abin da aka faɗa a nan sai an ji a can.

A ɗakin zane na wancan zamani kowa da hannunsa. Ana shimfiɗa takarda, kafin a duba suna a ƙasa an san wanda ya yi ta, daga yadda yake rubuta haruffa da yadda yake ja wa layi ƙarshe. Hannun Malam kuwa har 'yan kwangila sun san shi. Abin da ya fi suna da shi bishiya ce. Idan an gama zana titi za a sa itatuwan gefe, mu sai mu yi da'ira da kamfas mu wuce. Shi yakan ajiye rula, ya ɗauki alƙalamin tawada, ya zana ɗorawa kamar yadda tsuntsu zai gan ta daga sama, da ja ɗaya ba ya ɗaga hannu, ya bar 'yar ƙofa a gefe guda. Mun sha kwaikwayo a ɓoye, namu kullum sai ya fito kamar ƙosai. Idan aka ce hannun Malam a ofishin nan, an gama yabo.

Tsakanina da shi kunya ce irin ta suruki, cikakkiya. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, idan muka yi kiciɓis a hanya sai na durƙusa ko da a cikin taɓo ne. A ofis na zaɓi teburin da ya fi nisa da nasa. Abokan aikinmu Yarbawa da Ibo har tsokanata suke, wai me wannan dattijo ya yi mini nake gudunsa. Mahaifiyarku Hafsatu kuwa 'yar gidan zane ce tun tana ƙarama. Ita take fiƙe wa mahaifinta fensira, da ta zo gidana ta ci gaba da yi mini. Da reza take yi, ta fito da bakin dogo siriri, ta goga shi a gefen kwalin ashana har ya yi tsini. Kowace safiya zan tarar da su a aljihun rigata, ba ta taɓa miƙo mini a hannu ba. Ba mace ce mai yawan daɗin baki ba, kun san ta, amma ni na san abin da fensiran nan suke nufi.

A shekarar ƙarshe ta wannan mulki ne na'urar ta zo. Wani kamfanin ƙasar waje da ke yi mana aikin shawara ya kawo ta, tare da wani Bature mai jan gemu da zai koyar da mu. A bakinsa na ji cewa a da idan ana son yin zane da kwamfuta sai an sami wadda ta cika ɗaki, sai masu ƙera jirgi da manyan kamfanoni ke iya saye, kuma bai fi shekara ba da wasu suka yi dabarar cusa aikin cikin ƙaramar da ake ɗorawa a tebur. Ku da kuke yawo da kwamfuta a jaka dariya za ku yi da kun gan ta. Akwati ce mai nauyi, da gilashi irin na talabijin, da wasu faifai masu laushi da ake zura mata. Akwai wani faffaɗan allo da ake jan wani ɗan abu a kansa, girmansa kamar sabulun wanka, duk inda ka ja shi sai layi ya bi a gilashi. Akwai kuma wadda take fitar da zanen a takarda, tana kama alƙalami da kanta tana ja. An keɓe mata ɗaki, aka sa mata na'urar sanyi da janareta, abin da mu mutane ba a taɓa yi mana ba, aka kuma ce sai an cire takalmi za a shiga. Ni na taya Baturen haɗa wayoyi domin ina ɗan jin irin Turancinsa, shi ya sa ya bar mini makulli, ya kuma nuna mini abu guda: kafin a kashe ta, duk abin da ke gilashi a adana shi a faifai.

Shugabanmu a lokacin wani matashin injiniya ne ɗan Katsina, Oga Bashir, ya yi karatu a waje, mutumin kirki mai gaggawa. Shi ya tara mu ya ce kujera ɗaya ce, mutum ɗaya za a fara koya wa, kuma ba wanda ya cancanta sai Malam. Ya ƙara da cewa nan gaba kaɗan manya za su zo daga Legas su ga na'urar, Malam ne zai zana musu bishiyarsa a gabansu. Girmamawa ya nufa, kowa ya tafa. Na saci kallon Malam na ga bai yi murmushi ba, na ɗauka kawaici ne.

Ran Asabar muna aiki saboda yawan zane. Bayan azahar mutane sun watse, ina naɗe takarduna, sai na ji inuwa a kaina. Malam ne, wanda bai taɓa takowa teburina ba. Ya ce in buɗe masa ɗakin yana so ya ga abin. Na buɗe, na kunna kamar yadda na ga ana yi, na matsa gefe na sunkuyar da kai. Ya cire takalmi ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗora hannu a kan ɗan sabulun nan. Tun kafin ya fara ja na ga ɗigon da ke gilashi yana karkarwa. Na ce a raina waya ce ba ta zauna ba. Ya ja ɗorawarsa da ja ɗaya kamar kullum, siffar ta fito, ƙofar gefen ma tana nan, amma layin duk ya yi haƙora-haƙora, musamman ta hagu inda hannu yake nisa da jiki. Na ɗaga kai na dubi hannun, abin da ban taɓa yi ba. Rawa yake yi, ƙanƙanuwa, ba ta tsayawa.

Ya janye hannun daga kan allon. Ya ce abin ya fi shekara da farawa. A kan tebur yana danne gefen hannunsa a jikin rula, layi ya fito sumul, ba mai ganewa. A aljihu yake ajiye hannun idan yana tafiya, a gida kuma shi kaɗai yake cin abinci a ɗakinsa. Sai a lokacin na tuna cewa tun bara ya daina zana itatuwa da haruffa, yana miƙa wa yara yana cewa su koya, mu kuma muna ta yaba masa karamci. Wannan na'ura ba ta da rular da zai jingina da ita, kuma duk motsin hannu sai ta nuna shi a gilashi ga duk wanda ke tsaye a baya.

Na ce to ya gaya wa Oga Bashir ba ya so mana. Ya girgiza kai, ya ce yaron nan zai yi ta lallashi, ya ce a gwada ko sau ɗaya a gabansa, daga nan sai asibiti, sai takardar likita, sai a riƙa yi masa sannu a baranda. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Lawal, ran Litinin za a yi taro. Ka miƙe ka ce kai kake so. Ka ce tsoho ba zai iya ba."

Na ce, "Malam, a gabanka? Ni?"

"Idan wani ya faɗa, Bashir zai tsawata masa a wuce wurin. Idan kai ka faɗa, kunya za ta hana kowa ja, ni kuma in yi zuciya in bar maka. Gara a ce an ture ni da a ce hannuna ya mutu."

Na ce masa ba zan iya ba. Na ce mutane za su tsine mini, na ce Hafsatu fa. Ban taɓa yi masa musu ba sai ran nan. Ya bar ni na gama.

"Ban taɓa roƙonka komai ba," in ji shi. "Kuma ko ita kada ta sani."

Ya sa takalminsa ya fita. Na zauna ni kaɗai a cikin sanyin nan, sannan na yi abin da aka koya mini, na adana abin da ke gilashi na kashe.

Ran Litinin da safe Baturen ya kunna na'ura ya ci karo da bishiyar. Murna ta kama shi, ya kira Oga Bashir yana nuna masa gefen layin, wai dubi yadda mai zanen ya fito da ganye, wai shi bai taɓa ganin wanda ya yi haka a gwajin farko ba. Kafin a shiga taro duk ofis ya ji cewa Malam ya riga ya zana bishiya a kwamfuta kuma ta fi ta takarda kyau. Wannan ya ƙara wa abin da zan yi muni, domin yanzu ba ni da ko hujja. Aka zauna, Oga Bashir ya gama jawabinsa ya tambaya ko akwai mai magana. Malam yana gaba, hannunsa a aljihu. Na miƙe. Har yau ina jin ƙarar da kujerar ta yi.

Na ce, "Yallaɓai, bishiya ɗaya ba ita ce aiki ba. Abin nan da Turanci ake ba shi umarni, yana son ƙuruciya da saurin kai. Malam ya manyanta. Ni ya kamata a ba."

Wani dattijon Bayarabe da muke zane tare ya cire tabaransa ya dube ni, ya mayar. Oga Bashir ya juya wajen Malam yana neman ceto. Malam bai waiwayo ba.

Ya ce, "A ba shi."

Ya tashi ya fita a hankali. Na san shiri ne, ni da shi muka yi, amma wallahi yadda kafaɗunsa suka sauka ban tabbata duka shiri ba ne. Ko mutum shi ya rubuta maganar da za a faɗa masa, jin ta a bakin yaronsa daban ne.

Labari ya riga ni isa Karu. Na tarar da mahaifiyarku a tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta amsa sallamata ba. Na yi alwala, na yi salla, na zauna. Can ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko gaskiya ne abin da ta ji. Na ce gaskiya ne. Ta tambaya ko akwai wani dalili da ba ta sani ba, ta ce in akwai in faɗa mata, za ta yarda. Wannan ita ce tambaya mafi wuya da aka taɓa yi mini. Na ce babu, ci gaba nake nema. Ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki. Da la'asar sakaliya Kawu Nuhu ya zo, lokacin yana saurayi mai tashen jini, ya tsaya a ƙofar gida ya kira ni butulu yadda duk layin zai ji. Washegari ta kwashe manyan cikinku ta koma gidan mahaifinta. Bayan 'yan makonni Malam da kansa ya sa aka rako ta, ya ce ba a gidansa za a kashe aure saboda maganar ofis ba, mutane suka yi ta yaba haƙurinsa. Ta dawo, ta ci gaba da girki da wanki da duk abin da ya wajaba. Da safe na sa hannu a aljihu na ji wayam. Na yi ƙarfin hali na tambaya.

Ta ce, "Mai na'ura me zai yi da fensir?"

Daga ranar ba ta ƙara fiƙe mini ba.

Na'urar da na sayar da mutuncina a kanta kuwa, da kun ga wahalar da ta ba ni. Kowane layi sai ka buga mata umarni harafi-harafi, ka kuskure ɗaya ta yi maka shiru. Idan zane ya yi yawa ka ce ta sake nuna shi, sai ka je ka yi alwala ka yi salla ka dawo tana tsakiyar titi. Janareta ya yi tari, aikin yini ya tafi. Abokan aiki sun daina ci da ni, sai dai su shigo ɗakin da sunan tambaya su sha sanyi su fita. Amma ba zan ɓoye muku ba, na so aikin. Ranar da na gane cewa gida ɗaya zan zana in ce ta jera shi a duk tsawon layi, ko in gyara kwana ba tare da na kankare takarda da reza ba, daɗi ya kama ni, sannan na ji kunyar daɗin. Manya suka zo daga Legas, na nuna musu, suka yi ta kaɗa kai. Baturen ya sa bishiyar Malam ta zama ita ce bishiyar ofis, duk titin da na zana sai in kira ta in jera. A girman da take fita a takarda ba ka ganin komai sai kyakkyawan ganye. Malam yana duba zanen kafin a fitar, domin har lokacin shi ne shugaba. Wata rana ya tsaya a kan wani titi mai itatuwa reras, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, ashe dai rawar ma tana da kasuwa.

A ƙarshen shekarar sojoji suka dawo, kwangila ta tsaya, Baturen ya koma ƙasarsu. Malam ya nemi ritaya da kansa, aka yi masa walima, aka yi ta jawabi a kan hannunsa, ya fita da sunansa cif kamar yadda ya so. Ya koma Kurudu, lokacin ƙauye ne da gonaki, ya yi gida a filin da ya samu wajen mutanen garin, ya kama noman doya da masara. Sai bayan wasu shekaru rawar ta yi ƙarfin da aljihu ba zai ɓoye ta ba. Na ɗauka to yanzu gaskiya za ta fito da kanta. Ashe ban san mutane ba. Cewa aka yi baƙin cikin abin da na yi masa ne ya taɓa shi, har wata innarku ta faɗa a gabana tana share hawaye. Laifina ya tashi daga ture dattijo ya koma sa masa ciwo.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: na ji haushin kakanku, haushi mai tsanani, na shekaru. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, bai furta ba. Sau ɗaya na same shi shi kaɗai a gona, a gindin wata ɗorawa, yana fama da kofin ruwa yana zubewa a rigarsa. Na karɓa na riƙe masa ya sha, abin da ba ya yarda kowa ya yi masa sai mahaifiyarku. Na durƙusa na ce ko lokaci bai yi ba da za a gaya wa Hafsatu. Ya ce in ƙara haƙuri, zai faɗa mata da kansa. Ina jin ya yi niyya. Amma mutumin da aka yi shekaru ana yabon haƙurinsa, da wane baki zai ce shi ya shirya? Ya rasu bai faɗa ba, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Ni na shiga kabarin tare da Kawu Nuhu muka karɓe shi, Nuhu bai ko dube ni ba.

Za ku ce me ya hana ni magana bayan nan. Na yi tunani. Wa zai yarda? Zai zama na jira mutum ya kwanta inda ba zai iya amsawa ba sannan na ɗora masa. Kuma zan karɓe wa mahaifiyarku uban da ta sani in ba ta wani. Sai na bar shi. Zaman namu bai yi muni ba, kun gani da idonku, mun haife ku, mun aurar da ku, mun yi dariya tare. Amma akwai wani ɗaki a zuciyarta da ta kulle tun ranar shinkafar nan, ni kuma na san yana nan.

Bara ne autarku Rukayya, da ta karanta zanen gine-gine, ta zo da kwamfutarta za ta nuna mana gidajen da ofishinsu yake zanawa a wajen Idu. Muna zaune a falo bayan la'asar, ni a kujera, mahaifiyarku a kan darduma da carbinta. Ina duba titin da ta zana sai na ga abin da na sani. Itatuwan gefen duk ɗorawa ce mai 'yar ƙofa a gefe guda. Na tambaye ta inda ta samo. Ta ce ai tsohuwar bishiya ce da take yawo a ofisoshin garin nan, kowa yana kwafa daga na gaba da shi, ba wanda ya san mai ita, ita dai tana son ta ne saboda ganyen. Mahaifiyarku ta taso ta leƙa, ta ce wannan ai bishiyar Baba ce, ita ce abu na farko da aka fara zanawa a kwamfutar ofishinsu, tun kafin a yi abin da aka yi. Kowa a gidansu ya san wannan, Kawu Nuhu ma har alfahari yake da shi.

Ban shirya ba. Bakina ne kawai ya ce wa Rukayya ta matso da ita. Ta matso, bishiya ɗaya ta cika gilashin. Na ce ta ƙara, ta gefen hagu. Na'urorin yanzu ba sa sa mutum jira. Layin ya fito ƙato, yana hawa yana sauka, ƙanana-ƙanana, a jere, ba irin yadda mai zana ganye yake yi ba. Rukayya ba ta ga komai ba. Amma matar da ta yi shekaru tana riƙe wa mahaifinta kofi ta san wannan rawar kamar yadda ta san muryarsa. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta dube ni.

"Tun lokacin?"

Na ce, "Tun kafin nan."

"Baba ne ya sa ka?"

Na sunkuyar da kai. Ta koma kan dardumarta ta juya mana baya. Rukayya ta yi ta kallonmu, ta rufe kwamfutarta ta ce za ta wuce kafin hanya ta cushe. Ran nan ba mu ƙara magana ba. Na ji tana kuka a ɗaki, ban san ko na mahaifinta take yi ba, ko nawa, ko na shekarun, ban kuma shiga ba.

Da safe na dawo daga masallaci na sa rigata zan fita karɓar jarida. Na sa hannu a aljihu sai wani abu ya soke ni a yatsa. Fensir ne, an fiƙe shi da reza, bakin dogo siriri, an goga shi ya yi tsini. Fiƙar ta ɗan karkace, domin idonta ba kamar da ba. Na bar aiki tuntuni, ba ni da abin da zan zana. Na tsaya a ƙofar kicin da shi a hannu, tana juya koko ba ta waiwayo ba, ta ce yara ba su sani ba.

Da shi nake rubuta muku wannan, kuma kowace safiya ina tarar da shi an sake fiƙewa.